Neman kalmar Hausa: me za mu kira rubuta sakamakon gwajin da ba a yi ba?

Jama'a, salamu alaikum. Ina neman masu aikin ɗakin gwaji, da lauyoyi, da masu fassara labarai su matso kusa. Akwai kalmar da Amurkawa ke faɗa, dry-labbing, wadda ya kamata mu tsayar mata da Hausa. Abin da take nufi shi ne a kawo wa ma'aikacin gwaji abu, ya dube shi da ido kawai, ya ɗauki biro ya rubuta sakamako, ya sa hannu cewa ya gwada. Kafin kowa ya kawo tasa, bari in ba ku labarin da ya fito da kalmar fili, domin wanda bai san girman ɓarnar ba zai raɗa mata suna mai sauƙi.

A jihar Masacusets, cikin birnin Boston, a da akwai ɗakin gwajin ƙwayoyi na gwamnati da ake kira Hinton, ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta jihar. Idan 'yan sanda suka kama mutum da farin gari a ƙullin leda, can ake kaiwa a tantance: hodar iblis ce, hiroyin ce, ko kuwa garin banza ne? Nauyinsa nawa? Takardar da ta fito daga nan ita ke nuna shekarun da mutum zai yi a gidan yari, don a dokarsu in nauyi ya ƙaru hukunci ma ƙaruwa yake. Annie Dookhan ta fara aiki a wurin a 2003. Abokan aikinta kan gwada samfur 50 zuwa 150 a wata, ita kuwa tana wuce 500. Shugabanninta ba su tambayi ta yaya ba, yabonta suka riƙa yi.

Ga yadda take yi. Za ta baje ƙulle-ƙulle a kan tebur, ta ware masu kama da juna gefe guda, ta gwada 'yan kaɗan, ta rubuta wa dukkansu sakamako ɗaya. Aikin kuwa hawa biyu ne: na farko ya auna nauyi, ya ɗiga sinadari ya ga launin da zai bayar, ya leƙa ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sannan ya zuba kaɗan a 'yar kwalba ya tura wa na biyu, wanda zai sa a na'ura ya tabbatar. In na'ura ta ƙaryata ta aka dawo mata da kwalba, sai ta ɗebo ƙwaya ta gaske daga wani samfurin ta barbaɗa a ciki, don magana ta zo daidai. Har digiri na biyu ta ce tana da shi a gaban kotu, alhali babu. An taɓa bincikar aikinta a 2010, amma takardu kawai aka duba, ba a sake gwada kayan ba, aka ce lafiya lau.

A Yunin 2011 aka kama ta ta ɗauko samfur kusan 90 daga ma'ajiya ba tare da an rubuta a littafi ba, ta kuma kwaikwayi sa hannun abokiyar aikinta don ta rufe. Shugabanni suka danne maganar watanni. Sai da 'yan sandan jiha suka karɓi ɗakin a 2012 asiri ya tonu. Gwamna Deval Patrick ya rufe shi a ƙarshen Agusta, kwamishinan lafiya John Auerbach ya ajiye aiki a Satumba, wani lauyan gwamnati ma ya sauka bayan an ga irin saƙonnin da suke musaya da ita. A Nuwamban 2013 ta amsa laifi, aka ɗaure ta shekara 3 zuwa 5.

To, kalma. Fassarar kai-tsaye za ta ba mu "busasshen gwaji", wato gwajin da ba a jiƙa komai da sinadari ba. Bahaushe ba zai fahimci komai a nan ba, a ajiye ta. "Gwajin ido" ya fi kusa da abin da ya faru, sai dai duk wanda ya ji zai ɗauka asibitin ido ake nufi. "Kintace" da "ƙiyasi" sun yi laushi ƙwarai, domin mai kintace yakan gaya maka kintace ya yi. "Algus" ya dace da barbaɗa ƙwaya a kwalba, amma wannan laifi na biyu ne da aka yi don a rufe na farko. Wadda nake da ita a hannu ita ce "gwajin shaci-faɗi". Ina jiran taku.

Ƙari, bayan na karanta amsoshi.

Hajiya da ke aikin gwajin jini, na gode. Kin ce "gwajin biro" ko "awon biro", tun da biro ne kaɗai ya yi aiki, kuma kin ce a harkarku ma ana samun mai rubuta wa mara lafiya maleriya da taifot jinin yana nan a kwalba ba a taɓa shi ba. Kalmar tana da daɗin faɗa, kuma na tabbata tsakanin ma'aikata za ta kama. Abin da ya hana ni ɗaukarta shi ne tana sa murmushi. Ba na son mai karanta labarai ya faɗe ta a kan mutumin da ya yi shekaru a kurkuku, mai sauraro ya ji kamar raha ake.

Masu cewa "gwajin bogi" ko "maguɗi", ku yi haƙuri, sun yi faɗi. Na'urar jabu, ɗakin gwaji marar rajista, sauya sakamako don cin hanci, duk bogi ne, duk maguɗi ne. Kalma mai faɗi kuwa ita ce mafakar hukuma: a ce an samu "kurakurai" ko "sakaci" a wani ɗaki, shi ke nan an wuce wurin.

Shawarar da ta zauna mini ita ce ta Malam, Allah ya gafarta malam, da ya ce takardar nan ai shaida ce, don haka sunan abin "gwajin zur". Na janye shaci-faɗi. Ga dalilina. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Melendez-Diaz, wadda daga wannan jihar ta Masacusets ta taso, cewa takardar ɗakin gwaji shaida ce kamar ta mutum, don haka wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a kawo mai gwajin kotu a yi masa tambayoyi. Ke nan dokarsu ma a mazaunin shaida ta ajiye mai gwaji. Wani ya ce ai sau da yawa abin da Dookhan ta rubuta ya dace, hodar iblis ɗin ce da gaske. Ƙwarai, yana yiwuwa. Amma ba a kan hodar kaɗai ta sa hannu ba, ta sa hannu ne a kan "na gwada". Wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce na gani alhali bai gani ba ya yi zur, ko da maganar ta faɗa daidai. Shaci-faɗi a majalisa ake yinsa a tashi, zur kuwa ɗaure mutum take. Kuma kalmar tana juyuwa: ta yi gwajin zur, sakamakon zur, an kama mai gwajin zur.

Nauyin kalmar ya kamata ya kai nauyin abin da ya biyo baya. A can zaɓen manyan lauyoyin gwamnati na gundumomi ake yi, kuma ba wanda ke son a ce a hannunsa dillalan ƙwaya suka kuɓuta. Sai suka dage a bi shari'un ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗaurarre ya nemo lauya ya kawo kansa. Mutanen nan galibi talakawa ne. Wasu sun gama zaman gidan yari, tabon hukuncin ya hana su aiki da gidan haya, baƙi a cikinsu kuma yana iya jawo musu kora daga ƙasar. Lauyoyin marasa galihu da ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU suka yi ta jan magana har babbar kotun jihar, sai a Afrilun 2017 aka soke hukunci sama da 21,000 a rana guda. Kusan shekara biyar ke nan da rufe ɗakin. Ita kanta Dookhan ta riga ta fito tun 2016.

Ɗan'uwa da ya tambaya ko kalmar za ta hau kan Sonja Farak, a'a, kuma kada mu tilasta mata. Farak ma'aikaciyar gwaji ce a ɗakin gwaji na Amherst, wani gari a wannan jihar ta Masacusets, an kama ta a Janairun 2013. Ita shan ƙwayoyin take yi: ta fara da waɗanda aka ajiye don kwatanta gwaji, ta koma kan kayan shaida, tana aiki tana cikin maye shekara da shekaru. Aka ɗaure ta wata 18. Abin da ya fi ƙona mini rai a labarinta shi ne an samu takardun jinyarta a motarta, masu nuna shan ya daɗe fiye da yadda hukuma ke faɗa, amma lauyoyi a ofishin babbar lauyar jihar, Martha Coakley, ba su miƙa su ga masu kare waɗanda ake tuhuma ba. Wani lauya mai naci, Luke Ryan, shi ya tono su a 2014. A 2017 alƙali Richard Carey ya ce lauyoyi biyu na wannan ofishin sun yaudari kotu, daga baya aka soke shari'u sama da 16,000, a 2023 kuma aka ƙwace lasisin ɗaya, aka dakatar da ɗayar. Wannan ba ya buƙatar sabuwar kalma, sunansa ɓoye hujja. Na Farak kuwa, tsakanin "cin amanar kayan shaida" da "taɓa kayan shaida" nake, kuma na fi karkata ga na farko. Lauyoyinmu, ku faɗa mana wanda kuke ji a bakin alƙalai.