Ɗana ya cinye min jari a caca, babansa ya ce a sayar da laftof

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waakye, wato dafaffiyar shinkafa da wake, nake sayarwa a Aboabo, nan Kumasi. Babban ɗana shekararsa 17, yana ajin ƙarshe a sakandare, jarrabawar WASSCE yake jira. Tunda idona ya fara rauni shi ke duba min waya idan an biya ta momo, wato asusun kuɗi na waya, don haka ya san lambar sirrina. Ranar Asabar na je kasuwar Kejetia sarin shinkafa da wake, na tashi biyan mai kaya, sai na tarar sidi 40 ya rage, alhali ina lissafin sama da 1,800. A gaban matar jikina ya mutu. Wani mai momo ya duba min saƙonni: 20, 50, 50, 100, duk zuwa wani kamfanin caca, yawanci da tsakar dare. Da layina ya buɗe asusun, da sunana.

Bai yi musu ba. Ya ce da ƙwallon Ingila ya fara, sidi 2, daga baya ya koma wasan jirgin nan da ke tashi sama kuɗi na ninkuwa har ya ɓace. Ya yi kuka, ni ma na yi.

Babansa ya ce a kai laftof ɗin da kawunsa ya aiko masa shagunan Adum a sayar, wai gem da caca da zane duk kanwar ja ce. Ni kuwa da laftof ɗin nan ya zana allon rumfata, yana yi wa mutane katin biki da na suna, kwanan nan ma ya ƙera trotro, motar hayar nan, a ciki yana juya shi ta ko'ina kamar ka shiga ka zauna. Ban san komai a harkar nan ba. Gaskiyar babansa ce? Don Allah ku ba ni shawara.

Malamin makarantar dare, Sawaba:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Caca ba ta da saɓani: aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya, ta 91 ta ce tana jefa gaba da ƙiyayya, tana hana ambaton Allah da salla. Ga shi kin ga gabar har ta shigo ɗakinki. Wasan da ba a zuba kuɗi kuwa hukuncinsa daban, a duba ko yana cinye masa salla da karatu. Kada a tona masa asiri a unguwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma kuɗin bashi ne a wuyansa, a rubuta, ya biya.

Wani da ya yi aiki a shagon caca, Nima:
Mama, shekara 3 na yi ina buga wa mutane tikiti a Accra kafin Allah ya raba ni da aikin. Yau ɗin nan ki canza lambar sirrinki, kada ki kwana. Sayar da laftof ba zai tsayar da komai ba, a waya ake abin nan, kuma ko wayar aboki ta isa muddin akwai kuɗin da za a tura.

Ki zaunar da shi ku yi wannan lissafin, tunda ɗan makaranta ne. A ce ƙungiya biyu ƙarfinsu ɗaya, kamfani ya ba kowane ɓangare 1.90. Mutum biyu sun zuba sidi 100 kowanne, ɗaya nan ɗaya can. Kamfani ya karɓi 200, ya biya wanda ya ci 190, ya soke 10 a aljihu, ko wa ya ci. Kashi 5 cikin 100 ke nan a wasa guda. Yaranmu kuwa ba sa tsayawa a guda, sai su jera wasa 10 a tikiti ɗaya don su ga babban adadi a ƙasa. A nan kason kamfani yake hauhawa wasa bayan wasa, har a kowane sidi 100 da aka zuba kusan 60 ne ke dawowa hannun masu zubawa. Damar cin irin wannan tikitin kuwa 1 ce cikin 1,024. Shi ya sa kullum za ki ji suna cewa wasa ɗaya ne ya ɓata min. Na ji wannan maganar har ta gundure ni. Jirgin ya fi muni, domin ƙwallo sai ka jira minti 90, shi kuwa cikin daƙiƙu an gama an sake.

Tun da aka soke harajin kashi 10 na kuɗin da aka ci a 2025, wasu samari gani suke yanzu riba ta buɗe. Kason kamfani yana nan yadda yake. Kuma dokar caca ta Gana, ta 2006, ta hana ɗan ƙasa da shekara 18, shi ya sa ya laɓe bayan sunanki. Ki nemi a rufe asusun. In sun yi miki yawo da hankali, akwai hukumar da ke ba su lasisi, Gaming Commission.

Wata uwa, Asawase:
'Yar uwa, ni ina bayan maigidanki. Nawa a gidan gem ya fara, wanda ya sha kashi ya biya kuɗin wasa, daga nan aka koma sidi 5 a kan tebur. Na yi ta lallashi har ya sayar da wayar ƙanwarsa. Ki bi maganar babansa, kada yaro ya ga kanku a rabe.

Mai zanen kwamfuta, Tafo:
Inna ta Asawase tana da gaskiya a wani wuri. Wasu gem ɗin ma da ƙofar caca a cikinsu. A wasan ƙwallon da ake kira FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, ana sayen ƙunshin 'yan wasa da kuɗi ba ka san wa ke ciki ba sai ka buɗe. Beljiyam tun 2018 ta ɗauki irin wannan a matsayin caca. A sa ido a nan.

Amma Mama, trotron da kika ce yana juyawa, wannan sana'a ce, kuma ba kowa ke kaiwa nan da kansa ba. Ina zaton manhajar zane ta Blender yake amfani da ita. Kyauta ce, kuma da an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Ni da zane nake ciyar da iyalina. A jami'ar KNUST, nan kusa da ku, akwai sashen Communication Design, kuma Eyram Tawia da ya kafa kamfanin gem na Leti Arts a 2009 tare da abokinsa ɗan Kenya, a jami'ar nan ya yi karatu. A fito da laftof falo, ya daina kwana da shi. Kuɗin katin biki su riƙa shiga wayarki kai tsaye har ya gama biyan 1,800 ɗin. Ki nuna wa Baba wannan, ki roƙe shi ya sa yaron ya ƙera wani abu a gabansa.

Ma'aikaciyar jinya, Moshie Zongo:
Yaya, ki duba ko ya ci bashin momo da layinki, da yawa haka suke yi don su ramo abin da suka rasa. In kin ga ba ya barci, ko ya sake komawa bayan ya yi alkawari, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye. Ba hauka ake nufi ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na canza lambar. Bashin ma na same shi, sidi 300. Babansa ya yarda a bar laftof a falo zuwa bayan jarrabawa, amma har yanzu ba ya amsa gaisuwar yaron. Malam, akwai sidi 64 da ya rage a asusun cacar. In cire, ko in bar musu?

Malamin makarantar dare, Sawaba:
Ki cire, Hajiya. A fahimtata kuɗinki ne, bai ma kai abin da aka ɗiba daga hannunki ba. Da kanki za ki cire, ba shi ba, sannan a rufe. Maigidan kuma ki bar min shi, zan neme shi ranar Juma'a bayan an sauko.