Musayar Waƙa: Share Fagen Kofin Duniya Kafin Yaƙin Hitila

Mai Usur:
Salamu alaikum 'yan zaure. Fagen yau wasannin neman gurbin kofin duniya ne na 1934 da 1938. Ƙwar huɗu za mu yi, wato baiti mai ɗango huɗu, amsa-amon waje (ƙarshen kowane baiti) "ya". Wanda ya kawo sakamakon ƙarya a ɗage masa tabarma.

Da farko Yurugwai ta yi kira,
Gayyata ce, ba layi ba jira,
Ƙasa 13 suka je aka kara,
Ba tankaɗe, ba rairaya.

Da Italiya ta karɓi baƙunci,
Masu so suka yi yawa, sai ƙunci,
Gurbi 16 ne, ba sassauci,
Dole a tace kafin tafiya.

Ranar 11 ga Yuni, 1933,
Stockholm ce fagen, in faɗa muku,
Suwidin 6, Estoniya 2, riƙe a hannunku,
Share fagen farko ke nan a duniya.

Bazazzagi:
Bakano gwanin buɗe kasuwa,
Ka faɗi rabi ka kama rawa,
Su uku ne a rukunin, ka yi mantuwa,
Ina ka jefar da Lituweniya?

Suwidin ta bi ta har Kaunas,
2-0, ta wanke ta tas,
Maki 4 a jaka, ba canjaras,
Gurbi guda ne, ta kwashe gaba ɗaya.

Saura biyun suka dubi juna,
Wasan banza, me za a nuna?
Aka soke shi, kowa ya zauna,
Ba a ɓata guzuri ba a hanya.

Nasara maki 2 ce a lokacin, canjaras 1. Haka Jamus da Faransa ma suka yi: ɗaya ta ba Luksambur 9-1, ɗaya 6-1, gurbi biyu ne a rukunin, sai suka fasa karawa da juna.

Malam Aruli:
Mai Usur, ɗana, dakata. Karanta ɗangon farko na baitinka na uku da baki: "Ranar goma sha ɗaya ga Yuni, dubu ɗaya da ɗari tara da talatin da uku." Gaɓa 26 ke nan, na bayansa bai wuce 11 ba.

Lamba a takarda gajeriya ce,
A baki kuwa doguwar igiya ce,
Waƙa ba rasiɗin kanti ba ce,
Ka auna ƙafa, ka bar hayaniya.

Mai Usur:
Malam, Allah ya ƙara sani,
Kari naka ne, tarihi bar mini,
In na yanke shekara na bar Yuni,
Bazazzagi zai ce na yi ƙarya.

Hajiyar Damagaram:
Ku bar ni da Turai da ƙanƙara,
Masar nake wa kiɗa da tambura,
16 ga Maris a Alƙahira,
7-1, Falasɗinu ta sha wuya.

Turkiyya ta janye tun da wuri,
Rukunin ya koma biyu a jeri,
A Tel Aviv 4-1 aka ƙara gishiri,
Jimilla 11-2, sai Italiya.

Mukhtar El-Tetsh shi ya ci uku a wasan farko, ya ƙara biyu a na biyun.

Baba Tsohon Gola:
Hajiya, a ƙara haske saboda yara. Falasɗinun nan ta zamanin mulkin Ingila ce, kuma 'yan wasan da hukumar ƙwallonta ta fitar Yahudawa ne.

Mai Usur:
Hajiya, kirari ya yi daɗi,
Saura ƙarshen, bari in faɗi,
A gaban Hangari Masar ta faɗi,
Wasa ɗaya tak, jirgin ruwa ya juya.

A na 1938 ta ba da suna,
Ita da Romaniya za su gwada juna,
Ta janye, ta koma gida ta kwana,
Sai 1990 ta sake leƙo duniya.

Hajiyar Damagaram:
Bakano, koma kan tiren koli,
Fawzi ya zura 2 a Napoli,
Ɗan Afirka na farko da ya hau ƙoli,
4-2 aka tashi, ba abin kunya.

Bazazzagi:
Gaishe ki Hajiya! "Koli, Napoli, ƙoli", wannan ko a Kurmi ba a sayar da irinsa.

Baba Tsohon Gola:
Yara, ku zo ku ga aiki,
Ailan da Beljiyam, kunnen doki,
4-4 a Dublin, kowa da maki,
Paddy Moore ya ci huɗun gaba ɗaya.

Holan ta bi su duka da bulala,
Ailan 5-2, ta sha wahala,
Beljiyam 4-2, ita ma da ƙwalla,
Maki ɗai-ɗai, wa zai bi Holan Italiya?

Ga yadda aka raba. Beljiyam ta ci 6 an ci ta 8, Ailan ta ci 6 an ci ta 9. A wancan zamani raba ƙwallayen da ka ci ake yi da waɗanda aka ci ka. 6 a raba da 8 ya ba da 0.75, 6 a raba da 9 kusan 0.67. Ƙwallo ɗaya tak a Amsterdam ita ta zaunar da Ailan a gida.

Bazazzagi:
Baba, ranka ya daɗe, ko debewa aka yi irin ta yau ai Beljiyam ce dai. Ita tana da giɓin 2, Ailan giɓin 3.

Baba Tsohon Gola:
A nan kam sun yi daidai, ɗana, amma ba kullum ba. Mai ci 2 an ci shi 1, rabonsa 2.0. Mai ci 6 an ci shi 4, rabonsa 1.5. A debewa na biyun ne gaba, a rabawa na farkon. Rabawa masu tsare gida take wa gata.

Bazazzagi:
Baba, in rashin sa'a ake nema,
Meziko ta fi kowa shan fama,
Sau uku ta doke Kyuba ta gama,
3-2, 5-0, 4-1, ta shirya.

Amurka ta makara da takarda,
FIFA ta ce to, mun yarda,
Ku kara a Roma wasa guda,
Wanda ya faɗi ya juya baya.

Saura kwana 3 a buɗe gasa,
Donelli ya zura 4 a wasa,
4-2, Meziko ta sha ƙasa,
Ta haye teku don karawa ɗaya.

Hajiyar Damagaram:
Alhakin Meziko bai yi sati ba. 24 ga Mayu Amurka ta ci, 27 ga Mayu Italiya ta zuba mata 7-1 a Roman nan dai. Guda ɗayan ma Donelli ne.

Ɗan Zango (bayan kwana biyu):
Na makara, a yi mini afuwa,
Mai masauki ma sai da ta yi karawa,
4-0 a Milan ta yi wa Girkawa,
Suka janye, ba ramuwar gayya.

Folan a gidanta ta sha kashi,
2-1 Cekoslobakiya ta ɗora mata bashi,
Na Prague gwamnatinta ta hana tashi,
Rikicin iyaka ya rufe hanya.

Yurugwai mai riƙe da kofi ba ta zo ba sam, fushin 1930 take, da ƙasashen Turai huɗu kacal suka je mata. Barazil da Ajantina kuwa ba su taɓa ƙwallo ba suka wuce, Peru da Cile sun janye.

Malam Aruli:
Subhanallahi. Cekoslobakiya gaɓa 6 ce ita kaɗai, ka haɗa ta da "biyu da ɗaya" a ɗango guda? Sannan "hanya" an riga an ɗaure baiti da ita. Kuma ku duka kuna cin araha: Italiya, Lituweniya, kowace ƙasa mai "ya" a wutsiya ta zama amsa-amo. Taswira ce ta yi muku aikin.

Ɗan Zango:
Malam, sunan ƙasa ba ya yankuwa,
In na ce "Ceko" za ka yi tsawa,
In na cika shi ka ce ɗingisawa,
To wace ƙofa ce babu ƙaya?

Bazazzagi:
Makaɗan fada kalangu da kotso suke bi, in kalma ta yi tsawo su haɗiye gaɓa, ba wanda ya taɓa tsayar da su ya tambayi karin waƙar, Mutadarak ne ko Rajaz.

Malam Aruli:
Su da ganga suke, kai da alƙalami. Mai rubutacciyar waƙa ba shi da kiɗan da zai ɓuya a bayansa.

Mai Usur:
Yau na goyi bayan Bazazzagi, a rubuta a ajiye.

Baba Tsohon Gola:
Ku bar gaɓa, mu koma fili. A 1938 aka fara ɗauke wa mai masauki da mai riƙe da kofi share fage, wato Faransa da Italiya.

Ostiriya ta ci Latbiya a Biyana,
2-1, gurbi ya zo hannu ya zauna,
Maris na zuwa Hitila ya shafe suna,
Jamus ta haɗiye ƙasar gaba ɗaya.

Gasa ta koma 15, ba cikawa,
Suwidin ta haye zagaye ba karawa,
Ta sami Kyuba, 8-0 ba tausayawa,
Kyubar da ta zo ba share fage ko ɗaya.

Sifaniya yaƙin basasa ya hana ta. Japan tana yaƙi da Sin ta janye, sai Indonesiya ta yau, tana ƙarƙashin Holan a lokacin, ta wuce kyauta, Hangari ta ba ta 6-0 a Reims.

Hajiyar Damagaram:
Malam gwanin jan layi da ja,
Kowa ya rera ka ce ya ja,
Fito fili mu ga taka haja,
Sakamako ɗaya, ba lamba, mu ji murya.

Malam Aruli:
Girkawa sun fidda Falasɗinu,
Hangari ta tare su da sannu-sannu,
Ta ƙirga musu yatsun hannu,
Ta ƙara guda, su kuwa suka ci ɗaya.

Mai Usur:
11-1 ke nan, a Budapest, 25 ga Maris 1938. Dabara ta yi, Malam. Amma na ƙirga maka gaɓoɓin: 10, 12, 9, 13. Wane kari ne wannan, Allah gafarta?