Henrik Ibsen: ina waƙarsa take, kuma ta ina ake kama wasansa?

Ɗalibar Adabi:
Salamu alaikum malamai. Ko'ina ana kiran Henrik Ibsen na ƙasar Norwe sha'iri kuma marubucin wasan kwaikwayo, amma wasansa da ke hannun ƙungiyarmu, Et dukkehjem, wato Gidan 'Yar Tsana, zube ne tun daga farko har ƙarshe. To ina waƙar? Sannan muna son ɗora shi a dandamali da mutum goma da kuɗi kaɗan. Me za a iya yankewa, me ba a taɓawa?

Malam Na Bayan Labule:
Wa alaikumus salam Malama. Waƙar tana can baya, a rabin farko na rayuwarsa. An haife shi a garin Skien ranar 20 ga Maris 1828. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da karayar arziki ta sama, don haka yana ɗan shekara 15 aka tura shi Grimstad koyon haɗa magani. Wasansa na farko, Catilina, ya fito a 1850, kuma a waƙe ya rubuta shi. Daga 1851 ya shiga aikin gidan wasa, shekara shida a Bergen, sannan Christiania, wadda yau ake kira Oslo, har gidan wasan da yake shugabanta ya durƙushe a 1862. A nan ya san yadda ƙofa da fitila da shigowar ɗan wasa suke aiki.

Ya bar ƙasar a 1864, ya yi shekara 27 tsakanin Italiya da Jamus. Brand (1866) da Peer Gynt (1867) duk baitoci ne masu amsa-amo, kuma don karatu ya rubuta su. Peer Gynt bai hau dandamali ba sai 1876, da kiɗan Edvard Grieg. Diwanin waƙoƙinsa guda ɗaya ne, na 1871, a ciki akwai Terje Vigen. Bayan nan ya ajiye baiti da gangan, domin yana son mutanensa su yi magana kamar yadda ake yi a falo. Wasanni 12 ya jera a wannan salo daga 1877 zuwa 1899, naku shi ne na biyu, 1879. Ya koma gida a 1891, ya rasu ranar 23 ga Mayu 1906. Kyautar Nobel ba ta zo masa ba, surukinsa Bjørnstjerne Bjørnson ne ya samu a 1903.

Hajiya Mai Alli:
Ƙanwata, mutum goma sun isa. Wasan kashi uku ne, ɗaki ɗaya, kwana uku na bikin Kirsimeti. 'Yan wasa 11: manya biyar (Nora, mijinta Torvald, Likita Rank, Kristine Linde da Krogstad), sai Anne-Marie mai raino, Helene 'yar aiki, ɗan dako, da yara uku. Ɗan dako a buɗewar wasa kawai yake fitowa, wanda zai yi Krogstad ya canza riga ya yi shi. Yaran ma a kashi na ɗaya kaɗai ake ganinsu, ana iya mai da su biyu. Amma kada a cire su gaba ɗaya. In 'yan kallo ba su ga Nora tana wasan ɓuya da 'ya'yanta ba, fitarta a ƙarshe ba za ta yi nauyi ba.

Kayan daki kuwa a rage yadda aka ga dama, ban da waɗannan. Na farko akwatin wasiƙu. Dole ya kasance yana da gilashi ta yadda ake hango wasiƙa a ciki, kuma makullinsa a aljihun Torvald yake. Rabin kashi na biyu a kansa ya rataya: Nora tana ganin wasiƙar Krogstad, mai tona asirin bashin da ta ci wurinsa a ɓoye, da idonta amma ba ta da ikon ɗauka. A kashi na uku Torvald yana tsintar karyayyen tsinken gashi a cikin kwaɗon, shaida ce cewa ta gwada ɓallewa. Masu shiryawa da yawa suna ɓoye akwatin a bayan labule, sai tarantella, rawar Italiya da Nora take yi, ta koma rawar banza, alhali tana yinta ne kamar mai bori don ta hana mijin zuwa buɗe akwatin.

Na biyu bishiyar Kirsimeti. A kashi na ɗaya ana yi mata ado, a na biyu a same ta a tsige, kyandirorinta sun ƙone sun bar guntaye. Ga waƙar da kike nema, Malama, ta koma cikin kaya. Haka fitilar da Nora take cewa a kawo bayan Rank ya bayyana mata son da yake yi mata a cikin duhun magariba. In hasken dandamalinku kwan lantarki ɗaya ne da ba ya raguwa, wannan wuri ya mutu, gara ku nemi fitilar ƙwai ta gaske.

Kada kuma a yi wasa da lissafin. Bashin kuroner (kuɗin Norwe) 4,800 ne, Nora ta ci don kai mijinta Italiya jinya. Mahaifinta ya rasu ranar 29 ga Satumba, sa hannunsa a takardar yana ɗauke da 2 ga Oktoba, bayan kwana uku ke nan, domin Nora ce ta sa hannun da sunansa. Krogstad ya faɗi kwanakin nan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, domin nan tarkon yake rufewa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a mai da Torvald mugu tun fitowar farko. Mutum ne mai fara'a da ke ganin yana kyautata wa matarsa. Sai wasiƙa ta biyu ta zo da takardar bashin, ya yi ihun cewa shi ya tsira bai ambaci Nora ba, sannan 'yan kallo su gano shi tare da ita.

Baban Ummi:
Hajiya ta gama magana kan kaya. Abin da zan ƙara shi ne, in kuna tunanin dawo da labarin Kano ko Zinder, ku yi hattara da wurare biyu. Ƙashin bayan wasan shi ne a lokacin doka ba ta yarda matar aure ta ci bashi ba tare da izinin miji ba, abin da aka gyara a Norwe a 1888. A shari'ar Musulunci mace tana da ikon dukiyarta, don haka da zarar kun sauya gari, dalilin sa hannun jabu ya rushe, sai kun gina wani.

Na biyu ya fi wuya. Mai kallo Bahaushe da ya ga mace ta ɗauki mayafi ta fita da dare zai ce yaji ta yi, gobe za a je biko. Ibsen ya toshe wannan ƙofa da kansa: tana mayar masa da zobensa ta karɓi nata, tana ajiye makullan gida, ta hana shi rubuto mata wasiƙa, ta ƙi karɓar taimakonsa. Ko layi ɗaya kada ku yanke a nan. Ƙarar rufe ƙofa kuma daga ƙasan bene take fitowa, ba a idon mutane ba, a sami katako mai nauyi a buga a bayan dandamali.

Za a matsa muku ku sassauta ƙarshen, an matsa wa Ibsen kansa. A 1880 'yar wasan Jamus Hedwig Niemann-Raabe ta ƙi yin fitar, sai ya rubuta wani ƙarshe inda Nora take durƙushewa a ƙofar ɗakin yara, don gudun kada wani ya rubuta wanda ya fi muni, kuma ya fito fili ya kira shi ta'asa. In ƙungiyar taku maza sun fi yawa, ku duba En folkefiende na 1882, Maƙiyin Jama'a, labarin likitan da ya gano ruwan majema ya gurɓata wuraren wankan garinsu. Kashi biyar ne, kuma na huɗu taron gari ne da zai ci duk mutanen da kuke da su.

Ɗalibar Adabi:
Allah ya saka da alheri. Za mu bar shi a Norwe yadda yake. Hajiya, gilashin akwatin nan, farar roba za ta yi, ko haske zai riƙa dukanta?