Mai shayarwa da shago a Nima: ta yaya zan shirya wa gudun yada ƙanin wani?

Maman Ikram, Nima

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gudu. Yarana uku, ƙaramin watansa tara, yana kan nono, kuma ina shago daga ƙarfe takwas har magariba. A yanzu ina iya kilomita 5 ba tsayawa, sau biyu a mako. Lokacin da nake da shi shi ne bayan sallar asuba zuwa shida da kwata, sai safiyar Lahadi. Burina in kammala cikakken tseren kilomita 42 a nan Akra. Wata nawa zan ɗiba? Yaya zan tsara makona? Kuma gudun zai rage min ruwan nono?

Malam Koci, Kawukudi

Wa alaikumus salam Maman Ikram. Za ki iya, amma ki ɗibi wata tara zuwa shekara. Tsare-tsaren mako 16 zuwa 20 da ake gani a intanet an yi su ne don wanda ya riga ya saba da kilomita 25 ko 30 a mako, ke kuwa kina kan 10. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ki ji numfashinki ya buɗe. Ƙashi da jijiyoyi su ne ke jan ƙafa, sai sun yi watanni. Daga nan ciwon ƙwauri da na gwiwa ke samo asali: mutum ya ji ƙarfi a ƙirji, ya ƙara nisa, alhali ƙafa ba ta kai ba.

Ki raba tafiyar gida uku. Wata uku na farko ki kai kilomita 10 cikin natsuwa. Wata uku na biyu ki yi rabin tseren, kilomita 21, ko a gasa ko ke kaɗai. Sai bayan nan ki shiga shirin kilomita 42.195.

Gudu uku a mako ya ishe ki, na huɗu in hali ya yi. Talata minti 35 zuwa 40 a hankali. Alhamis minti 40, a tsakiya ki sa sauri na minti uku sau huɗu, kina hutawa da sassarfa ta minti biyu tsakaninsu. Lahadi kuwa dogon gudu, kuma shi ne ƙashin bayan komai. Ki riƙa ƙara masa kilomita ɗaya ko biyu, a mako na huɗu ki rage kashi ɗaya cikin uku jiki ya farfaɗo. Mafi tsawonsa kilomita 30 zuwa 32, saura mako uku a yi gasa, daga nan sai ki yi ta ragewa.

Ma'aunin "a hankali" shi ne ki iya yin magana cikakkiya kina gudu. Idan kalma biyu kawai ke fita, kin yi sauri.

Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kika samu barcin awa uku, ki bar gudun ranar, kuma kada ki rama shi washegari. Gudun Talata ana iya yafe shi, na Lahadi ne ake karewa. Tun yanzu ki zauna da maigida ko wata 'yar'uwa a san wanda zai riƙe yara, domin nan gaba Lahadinki za ta ci awa uku zuwa huɗu.

Wajen gudu, titunan cikin Jami'ar Legon sun fi kwanciyar hankali da inuwa. Idan a bakin titi ne, ki bi hannun hagu kina fuskantar motoci, ki sa kaya mai haske, ki kula da buɗaɗɗun kwatoci kafin gari ya waye, kuma ki samu abokiyar tafiya. Hawan dutsen Aburi daga Ayi Mensah yana gina ƙarfi, sai dai gangarowar tana cin gwiwa. Sau ɗaya a wata ya isa, ki sauko da tafiya.

Anti Ungozoma, Maamobi

Ƙanwata, kafin ki bi lissafin Malam, a fara duba jikin. Kin wuce wata uku da ake so mai jego ta jira kafin ta koma gudu, amma wannan bai nuna tsokokin ƙasan mara sun koma daidai ba. Ki gwada a ɗaki: tsalle da ƙafa ɗaya sau goma kowane ɓangare, da gudu a waje ɗaya na minti guda. Idan fitsari ya ɗigo, ko kika ji nauyi kamar wani abu zai fito ta gaba, ko ciwo a ƙugu, ki dakata ki ga likitan gashin ƙashi ko ki koma asibitin da kika haihu. Mata da yawa suna ɓoye wannan saboda kunya, suna sa ƙunzugu su ci gaba, abin kuma ya ƙara lalacewa. Yana da magani. Ki riƙa matse tsokar nan kamar mai riƙe fitsari, daƙiƙa biyar zuwa goma, sau goma, sau uku a rana, ko kina zaune a shago.

Gudu ba ya ƙafar da nono. Abin da ke rage shi rashin isasshen abinci ne da yaro ya daina yawan kamawa. Shayarwa kaɗai tana cin wajen kalori 500 a rana, ga gudu a kai, don haka wannan ba lokacin rage ƙiba ba ne. Ki shayar ko ki tatsa kafin ki fita, nonon ya yi sauƙi. Ki nemi rigar nono ta wasanni mai kamawa sosai, amma ki cire ta da kin dawo, domin matsi mai tsawo yana toshe hanyar nono ya kawo ƙulluwa da zafi.

A auna miki jini. Idan himogulobin ya gaza 12, jininki bai cika ba, kuma za ki yi ta haki kina zaton raggwanci ne. Hanta, wake, kifi, kontomire (ganyen makani) da zogale su yawaita a tukunyarki, kuma ki raba shayi da lokacin cin abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Ki san nau'in jininki na gado (genotype) ma. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila, tana iya gudu, amma zafi da ƙishirwa da ƙure kai sun fi yi mata haɗari. In kuma maleriya ta kama ki, babu gudu sai kin gama magani ƙarfinki ya dawo.

Yaya Mai Tsere, Madina Zango

Na yarda da Malam Koci a komai sai kilomita 32 ɗin nan. Mai yin kilomita ɗaya a minti bakwai da rabi, 32 zai kai ta awa huɗu. Ko da biyar ta fita, sai tara za ta gama, rana ta riga ta buɗe, ga shago washegari. A ganina ta tsaya a awa uku zuwa uku da rabi, ko nawa ya kama. Kuma ta koyi haɗa gudu da tafiya tun farko: gudu minti tara, tafiya minti ɗaya. Wannan ba gazawa ba ce, ƙafa yake adanawa don ƙarshen tsere.

Matsalar Akra laima ce a iska. Gumi yana zuba amma ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa sai gumi ya bushe. Ki hau sikeli kafin dogon gudu da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Yawanci ledar ruwa ɗaya, wato rabin lita, a kowace awa tana kusa da daidai, a kurɓa kaɗan-kaɗan. Kada kuma ki ɗura ruwa zalla fiye da kima, yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai da amai da ruɗewa, har ya kai ga asibiti. In gudun ya wuce awa ɗaya da rabi, ki haɗa da ruwan gishiri da sukari na ORS.

Abin da ke kayar da mutane wajen kilomita 30 shi ne ƙarewar sukarin da tsoka ta tara. Maganinsa a fara ci tun minti 40 na farko, kafin yunwa ta zo: giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a awa. Ayaba ɗaya tana da kusan giram 25. Dabino ya fi sauƙin ɗauka, a cire ƙwallon a ƙulle a leda. Kafin fita, koko da ɗan burodi ya wadatar. Ƙosai da wake da shinkafa mai shito (soyayyen yaji) a bar su sai an dawo, mai da yaji suna murɗa ciki a hanya. Duk abin da za ki ci ranar gasa ki gwada shi a ranakun Lahadi.

Takalmi ya ɗara ƙafarki da faɗin babban yatsa, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya faɗi. In a kasuwar gwanjo ta Kantamanto za ki saya, ki danna tafinsa. Idan ya taurare ko gefe ɗaya ya cinye, ya gama aiki. Kuma kada ki sha ibuprofen ko diclofenac kafin tsere, suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe.

Maman Ikram, Nima

Allah Ya saka muku da alheri. Saura biyu: idan azumi ya faɗo cikin shirin fa? Kuma wace sutura ce za ta rufe ni ba ta dafa ni ba?

Yaya Mai Tsere, Madina Zango

Amin. A watan azumi ki ajiye dogon gudu gaba ɗaya. Minti 30 a hankali sau biyu ko uku a mako, bayan kin sha ruwa abinci ya ɗan faɗa, ya isa ya riƙe miki abin da kika gina. Bayan sallah ki koma da kusan rabin nisan da kika bari, ki hau cikin mako uku. Ki zaɓi gasar da ta ba ki aƙalla wata uku bayan sallah. Batun azumi da shayarwa kuwa, ki tuntuɓi malaminki da Anti Ungozoma.

Sutura ki guji auduga, tana shan gumi ta yi nauyi ta goge fata. Ki nemi yadin rigar 'yan ƙwallo: riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, wando mara nauyi, da ƙaramin hijabi mai shiga kai wanda ba ya buƙatar fil, duk masu launi mai haske. Ki shafa basilin a hammata, tsakanin cinyoyi, ƙarƙashin rigar nono da inda hijabin ke taɓa haɓa.