Wane suna za mu ba ciwon jinin nan mai jawo yawan ɓari?

Likitan mata, Shika: Assalamu alaikum. Muna shirya takardar wayar da kai ga masu zuwa awo, mun tsaya a kan ciwon da likitoci ke kira antifosfolifid. Garkuwar jiki ce ke kuskure, ta haɗa sinadaran da ke sa jini ya riƙa yin guda a ƙananan jijiyoyin mabiyiya, abinci da iska su ragu wa ɗan tayi. Ana zarginsa in mace ta yi ɓari 3 a jere kafin mako 10, ko ɗa ya mutu a ciki daga mako 10 zuwa sama, ko aka haihu kafin mako 34 saboda jijjiga ko hawan jini mai tsanani. Graham Hughes ya bayyana shi a Landan a 1983. Me za mu kira shi?

Ungozoma, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Likita. Mu "kaurin jini" muke cewa, suna ganewa nan take.

Mai gwajin jini, Samaru: Sista, ganewar ce matsalar. Jinin bai yi kauri ba, in kika ɗiba a sirinji daidai yake da na kowa. Wani abin mamaki ma, ɗaya daga cikin gwaje-gwaje ukun da ake yi don gano ciwon yana nuna jinin na jinkirin daskarewa a kwalba, alhali a jiki guda yake yi. Wadda aka ce wa jininta ya yi kauri za ta koma gida ta hau shan ruwa da jiƙo don ta tsinka shi. Sannan a sa a takardar: gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an sake bayan mako 12, don zazzaɓi ko wata cutar kan ɗaga sinadaran su sauka da kansu.

Malamin Hausa, Kongo: To kauri ya fita. "Daskarewar jini" kuma shi kaɗai ba ciwo ba ne, da shi jinin yanka ke tsayawa. Aibin yana ga saurin da kuma wurin. Ina ganin "saurin daskarewar jini". Ko a ce "daskarar ɓari" don ya gajarta?

Likitan mata, Shika: Malam, kada ɓari ya shiga sunan. Maza ma na kamuwa, ya zo musu da kumburin ƙafa ɗaya ko shanyewar ɓarin jiki. Kuma sunanka na farko ya haɗa har da nau'o'in gado, waɗanda ba a tabbatar allurar hana gudan jini na hana ɓari a cikinsu ba. Wannan kuwa yana jin magani: asfirin ƙarami, miligiram 75 zuwa 150 kullum, da allurar hefarin mai hana gudan jini, galibi nau'inta da ake kira enoxaparin, miligiram 40 a ƙarƙashin fatar ciki sau ɗaya a rana, daga ranar da gwaji ya nuna ciki har mako 6 bayan haihuwa. Wafarin, ƙwayar hana gudan jini, ba na mai ciki ba ne, yana lahanta halittar ɗan tayi. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin ma a guje ta.

Malamin Hausa, Kongo: Sai mu raba. Babban suna "saurin daskarewar jini", wannan kuma "saurin daskarewar jini na garkuwa".

Ungozoma, Tudun Wada: Ya yi tsawo, Malam, amma na karɓa. Roƙona biyu. A rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada kowa ta sayi asfirin a kemis don ta taɓa ɓari, yawancin ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin ne. Na biyu, wadda cikin wata biyar ya daina motsi, dangi suka ce "ya kwanta", a kawo ta a yi hoto ranar, kada a jira ya tashi.

Likitan mata, Shika: Duka biyun sun shiga. Malam, zan turo maka ka duba ƙa'idar rubutu kafin a kai ɗab'i.