Abin da aka ce kan Lucio Fulci, a taƙaice

Na tattara maganganun jama'a kan wannan darakta na Italiya (1927–1996) da ya yi suna da finafinan ban tsoro masu zubar da jini.

1. Kusan kowa ya yarda ba da jini ya fara ba. Ya daɗe yana finafinan barkwanci kafin fim ɗinsa Zombi 2 na 1979 ya ɗaga shi. Shawarar da aka ba masu tasowa: ku ƙware a sana'ar tukuna.

2. An yaba yadda yake riƙe ma'aikatansa, musamman mai kwalliyar raunuka da mai kiɗa. Raunukan da hannu ake haɗa su, da roba da jinin bogi, kyamara ta matso ta tsaya cak. Idon mutanen cikin finafinansa kuwa ya sha wuya a hannunsa. An tuna yadda wani fim nasa na 1971 ya kai shi kotu bisa zargin azabtar da karnuka, har sai da aka kawo karnukan roba gaban alƙali.

3. A nan kai ya rabu. Wasu sun ce labaransa ba kai ba gindi. Wasu suka ce da gangan ne, mafarki yake kwaikwayo. Ni dai na fi karkata ga na biyun, amma ba a kowane fim ba.

4. Kan matan da ake kashewa a finafinansa, muhawara ta yi zafi, ba a daidaita ba.

Mai raunin zuciya ya haƙura, yara kuma a nesanta su.