Ranar Talata zan tsaya gaban alƙali, me zan ce?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah a rufa min asiri. Makon jiya na shiga wani kanti, zuciya ta ɗebe ni na sa kwalbar turare a aljihu. Ina kaiwa bakin ƙofa mai gadi ya riƙe min hannu. An kira 'yan sanda, yanzu an ce in bayyana a kotu ranar Talata. Ban taɓa taka kotu ba. Takardar tana ƙarƙashin matashina, barci ya gagare ni, mahaifiyata ma ba ta sani ba. Wata zuciyar ta ce in amsa laifin a wuce wurin, wata ta ce kada ma in je.

Wata 'yar uwa ta ce:
Ƙanina, kada ka kuskura ka ƙi zuwa. Alƙali zai iya ba da sammacin kamo ka, ƙaramar magana ta zama babba. Ka isa da wuri, da tufafi masu tsabta, wayarka a kashe.

Wani ɗan uwa ya ce:
Wa alaikumus salam. Zaman farko yawanci gajere ne. Za a kira sunanka, a karanta maka tuhumar, a tambaye ka ko ka fahimta, sannan ko ka amsa ko ka musanta. In ka musanta, sai a yi maganar beli a ɗage zaman, kuma mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujja, kamar hoton kyamarar kantin da shaidar mai gadin. In kuwa ka amsa, ana iya yanke hukunci nan take, ya zauna a tarihinka, ya biyo ka wurin neman aiki ko biza. Shi ya sa nake roƙonka ka ga lauya kafin Talata, ka faɗa masa gaskiya tsaf. Ko amsawar za ka yi, shi ya san yadda zai roƙa maka sassauci tunda karon farko ne. In ba ka da hali, ka tambayi magatakardan kotu hanyar samun lauyan kyauta. In ba ka jin harshen da ake shari'ar da shi, ka nemi tafinta. Sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin jama'a da siyasa ya tanadi wannan.

Wata uwa ta ce:
Ɗana, ka gaya wa mahaifiyarka yau. Za ta yi kuka, amma gara ta ji daga bakinka. Kuma in aka ce ka kawo mai tsaya maka, wa za ka kira?

Mai tambaya ya ce:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Bayan isha'i zan shiga ɗakinta da takardar.